Wasannin wasa ƙwaƙwalwa a waya: wane ne ya cancanci batir ɗin mutum?

Ɗan Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya na shigo Yamai, mun taso daga Tawa bayan asuba. Wani yaro ne ya zauna kusa da ni cikin mota, yana irin wasan nan na jera alewa masu launi. Duk inda rezo ya kama, kafin ya taɓa sau biyar talla ta fito ta rufe fuskar wayar. Muna wuce Kwanni aka ce masa rayukansa sun ƙare, ko ya jira ko ya biya. Ya aje wayar bisa cinya yana kallon daji.

Ni kuwa ina nan ina gina gadoji. Wasa ne da ke cikin tarin wani Baturen Ingila, Simon Tatham, wasanni wajen 40 a wuri guda, kyauta, ba talla, ba ya neman intanet. Ana ba ka tsibirai, kowane da lamba a kansa, lambar ita ce yawan gadojin da za su taɓa shi. Tsakanin tsibiri biyu ba a wuce gada biyu, gada ba ta ƙetare gada, kuma a ƙarshe dole kowane tsibiri ya haɗu da saura. Shi ke nan dokar. Yaron ya fara leƙe tun Dogon Dutsi. Kafin mu kai Doso wayata na hannunsa, yana lissafi da yatsu bisa gwiwa, ni ina zaune haka nan. Da muka sauka ya tambaye ni sunan abin har sau biyu.

To tambayata ke nan. Wa ya san wasu irinsa? Ƙanana, na mutum ɗaya ko ƴan ƙungiya, waɗanda ba su cin mega, ba su roƙon kuɗi kowane minti.

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wannan na gadoji asalinsa daga Japan yake, a mujallu ake buga shi ana yi da fensir kafin ya shigo waya. Ni a tablo nake zana shi ran Juma'a idan minti goma suka rage. Ɗalibai sun fi sittin a ajin, amma lokacin nan ba ka jin motsin kowa. Abin da ya sa nake son shi: ba a cinkau. Tsibirin da ke lungu mai lamba 4, maƙwabta biyu kawai gare shi, to dole gada biyu nan, gada biyu can. Yaro ya faɗi haka da bakinsa, ya riga ya yi abin da nake wahalar koya masa a darasin hujja, bai ma sani ba. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara, ranar ita ta fito ta gyara kuskuren da na bari da gangan.

Cikin tarin nan ka gwada na tantuna da itatuwa, da na kunna fitilu. Har tsohon wasan nan na nakiyoyi yana ciki, amma an gyara shi yadda kullum akwai hanyar ganewa da hankali, ba sai ka rufe ido ka danna ba.

Autan Fada: Ni fa gaskiya na sauke shi na goge. Ba hoto, ba motsi, kamar takardar jarrabawa. Mutum ya wuni a lakwal ya dawo kuma a ba shi aikin gida?

Ɗalibar Harobanda: Auta, kai Monument Valley ya dace da kai. Wani ƙaramin gidan wasanni na Landan, ustwo, ya fitar da shi a 2014. Wata ƴar gimbiya ce mai farar hula, sunanta Ida, kake bi da ita cikin gine-ginen da ba za su yiwu a duniya ba. Ka juya wani marfi, matakalar da take can ƙasa sai ta zo daidai da baranda ta sama, kuma tun da a ido sun haɗu, to sun haɗu, sai ta taka ta wuce. Kowane allo kamar a cire shi a rataya a ɗaki. Babi 10 ne kawai. Na biyunsa ya fito a 2017, labarin uwa da ɗiyarta ne, wannan har ƙwalla ya sa ni.

Autan Fada: Babi 10? Yaya, wato in biya kuɗi in gama cikin dare ɗaya?

Ɗalibar Harobanda: Eh, ka gama. Laifi ne abu ya ƙare? Wanda kake yi yanzu shekara nawa kana kansa, me kake iya tunawa a ciki? An gina shi ne don kada ka ƙoshi. Ni shekara huɗu ke nan da gama wancan, har yau ina ganin wurin da ruwa ya taso a idona.

Alhaji na Wadata: Salamu alaikum. Ni an sa ni cikin wanga zaure don zumunta, ba don wasa ba, amma tun da ana magana bari in sa baki. Ɗiyana ukku kowane da waya. Ka kira yaro sau ukku bai ji ba. A yi kiran salla shina dannawa. Yanzu kuma ku manya, har da malama, kuna ƙara nuna musu wasu? Mu da munka taso dara muka sani, ƙarƙashin bedi, bayan la'asar. Kana ganin abokin wasanka, shina ganinka, dattijo na gefe shina gyara maka zama. In an yi kiran magariba a share gurabu da ƙafa kowa ya tashi. Wanga na waya wa ke share shi?

Malamar Lissafi: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce, kuma ba na jayayya da ita. Nima na karɓe wayoyi a aji ba adadi. Amma ina roƙo a raba su gida biyu. Akwai wanda aka yi don ya riƙe yaro: kyautar kullum in ka shiga, agogo yana ƙirga maka lokaci, rayuka su ƙare a ce ka kalli talla. Wannan ko ni ba na barinsa a wayar gidana. Akwai kuma wanda yake kamar kacici-kacici, ka warware ya ƙare, ko ya gagare ka ka aje ka tafi kana juya shi a kai. Ba ya kiranka, ba ya aiko maka saƙo. Kiɗan ma ana kashewa. Wannan ɗan uwan dara ne, Baba, ba kishiyarta ba.

Alhaji na Wadata: Ɗiyata, ɗan uwan dara babbar magana ce. Kin san dara kuwa? Gurbi talatin, biyar a shidda. Kowa da ɗiya goma sha biyu, wani tsinke wani tsakuwa. Tun wurin zubawa ake cin mutum, don ba a yarda ka jera ukku lokacin zubi, sai an fara tafiya. Ka jera ukku ka ɗauke mashi ɗaya, ka jera huɗu ba ka ci komi ba. Gwani shina gyara gidanshi yadda tsinke guda zai riƙa kai da komo, ya je nan ya ci, ya dawo nan ya ci. In kin ga an yi ma mutum haka, to tun zubi na biyar anka gama da shi. Ku nuna mini na waya mai zurfin haka.

Mai Gyaran Waya: Alhaji, akwai shi, kuma sunansa ma zai ba ka mamaki: Baba Is You. Baban nan ba uba ba ne, wata farar dabba ce ƙarama. Wani saurayi ɗan ƙasar Finlan, Arvi Teikari, ya ƙirƙiro shi a wata gasar ƴan kwanaki a 2017, ya fitar da cikakke a 2019, ya shigo waya a 2021. Matakai sun fi 200.

Bari in yi bayani a hankali don abin ba ya kama da komai. A kowane wasa doka tana ɓoye, kai dai ka bi. A nan dokar a rubuce take a filin wasa, kalma-kalma, kowace kalma kamar bulo ce da ake turawa. An rubuta cewa bango yana tsayarwa. An kewaye ka da bango. Sai ka je ka ture kalma ɗaya daga jimlar, jimla ta karye, bango ya zama zane kawai, ka ratsa shi ka wuce. An rubuta cewa tuta ita ce nasara, amma tutar tana bayan ruwa. To ka jawo kalmar dutse ka sa a wurin tuta, dutsen da ke gabanka ya zama nasara. Har jimlar da ta ce Baba shi ne kai ana iya canzawa, ka zama bango, duk bangon filin ya riƙa tafiya tare. In kuwa ka yi ganganci ka karya wannan jimlar ba ka sa wata ba, ba kowa ne kai ba, komai ya tsaya cik. Dara ta ci gida ke nan, sai ka koma baya.

Akwai matakin da ya riƙe ni kwana huɗu. Ina rumfa a Katako, na buɗe wata waya ina canza mata gilashi, iskar zafi na hannuna, kawai amsar ta faɗo mini. Na gama aikin mutum tukuna, na ba shi, sannan na jawo tawa. Motsi bakwai ne kacal. Kwana huɗu ina tura abin da bai kamata in taɓa ba.

Ɗan Tawa: Wannan ya shiga raina. Amma Ingilishi fa? Mu nan Faransancin ma da ƙyar.

Mai Gyaran Waya: Kalmomin ƴan kaɗan ne kuma gajeru, bango, dutse, tuta, ruwa, ƙofa, makulli, tura, buɗe. Sunan kowane abu launinsa ɗaya da abin. Yaron shagona ko aji shida bai gama ba, cikin sati ya haddace su, yanzu ya wuce ni a wani yanki.

Malamar Lissafi: Kakan duk waɗannan na turawa shi ne Sokoban, na Hiroyuki Imabayashi, Japan, 1982. Ma'anar sunan mai tsaron sito. Kana tura akwatuna zuwa wurarensu, ba ka iya jawowa, ba ka tura biyu a haɗe. Akwati ya shiga lungu, ya tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa loda buhuna a magaza ya san wannan darasin.

Alhaji na Wadata: Wanga na sito na gane shi. Wanda ya sa buhun da za a fara fitarwa can ƙurya, shi ka kwana aiki.

Autan Fada: To ni matsalata ɗaya. Ban da tarin Baturen nan, duk waɗannan na kuɗi ne, kuma ko kana da kuɗin ta ina za ka biya? Ana neman katin banki, ni ko asusu ba ni da shi. Akwai wuraren da ake sauke su kyauta, an fasa su. Ni can nake ɗauka, kowa ma haka yake yi a fadarmu.

Mai Gyaran Waya: Auta, banza ba ta kai zomo kasuwa. Rabin wayoyin da ake kawo mini ana cewa suna zafi, batir ba ya kai azahar, talla na fitowa ko ba a buɗe komai ba, in na bincika irin waɗannan fasassun ne. Wanda ya fasa ya ba ka kyauta ba don Allah ya yi ba, ya cusa nasa a ciki. Watan jiya wata baiwar Allah ta zo tana kuka, mega ɗin da ta saya na wata ya ƙare cikin kwana uku, ɗanta ne ya sauke wani wasan mota. Sai da na wanke wayar gaba ɗaya, hotunan sunan jikarta suka tafi don ba ta aje su ko'ina ba. Ban ji daɗin ranar ba sam.

Ɗalibar Harobanda: Ban da cutar waya akwai haƙƙi. Ku ji labarin Threes. Mutum uku suka yi shi, Asher Vollmer da Greg Wohlwend da mai kiɗa Jimmy Hinson. Wata 14 suna gyarawa suna zubarwa kafin su fitar a Fabrairun 2014. Gida 16 ne, kana haɗa 1 da 2 su ba da 3, daga nan 3 da 3, 6 da 6, haka. Bai yi wata biyu ba kwaikwayo suka cika ko'ina. Wanda ya fi shahara shi ne 2048, wani ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya rubuta shi cikin hutun ƙarshen mako ɗaya ya sake shi kyauta. Shi bai ɓoye inda tunanin ya fito ba, amma duniya ta san 2048 ta manta na asali, har wasu suna zagin Threes wai shi ne ya kwaikwaya. Kuma duk wanda ya yi biyun ya san bambanci. A 2048 ka maƙale babbar lamba a lungu ka yi ta dannawa gefe biyu, za ka yi nisa ba tare da tunani ba. Threes ba ya yarda da haka, taki ɗaya kawai tayal ke yi, kuma yana nuna maka abin da ke tafe don ka shirya.

Waɗannan ba manyan kamfanoni ba ne. Mutum ɗaya ne ko uku a ɗaki, kamar tela da kekensa.

Autan Fada: Yaya na ji, amma ba ki amsa mini ba. Wanda ba shi da kati ya yi yaya? Ya zauna yana kallo?

Ɗalibar Harobanda: A nan kana da gaskiya, kuma abin yana ci mini rai. An tsara kasuwar kamar ba mu a duniya. Ni wani yayana mai katin da ake zuba wa kuɗi nake ba a hannu ya saya mini. Ba kowa ke da irin wannan yayan ba, na sani.

Alhaji na Wadata: Yaro, wuyar biya ba ta halatta ɗauka. In mai kanti ya rufe ya tahi masallaci ba ka ɓalle ƙofa don kana da kuɗi a aljihu. Ka yi na kyautar da mai shi ya ce kyauta ne, sauran ka jira Allah ya hore. Gumin mutum gumin mutum ne, ko ɗan wace ƙasa ne.

Ɗan Tawa: Na halal ɗin ma suna da yawa, Auta. Na Simon Tatham kaɗai ba ka gama shi, don duk lokacin da ka danna sabo yake ƙirƙiro maka, kuma kai ke zaɓar girma da wuya. Ga Mekorama na Martin Magni ɗan Suwidin, 2016, wani ɗan mutum-mutumi mai ido ɗaya kake kai wa gida cikin ƙananan gine-gine da kake juyawa da yatsa. Da ya fito cewa ya yi kowa ya biya abin da ya ga dama. Yana da hoto mai kyau, tun da hoto kake so, kuma kana iya gina naka matakin ka ba abokinka.

Direban Lazare: Ni ban iya dogon rubutu ba. Mini Metro. Wasu ƴan uwa biyu a Niyu Zilan suka yi. Kana ja layin jirgi tsakanin tashoshi, fasinja na taruwa, tasha ta cika ta daɗe ka faɗi. Kogi na raba gari kuma hanyoyin ƙetarewa ƙidayayyu ne. Akwai Alƙahira a ciki, akwai Legas. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gadar Kennedy da safe yana jiran faba-faba zai gane wasan nan tun minti na farko. Da a ce za a sa Yamai.

Ɗalibar Harobanda: Wallahi kullum sai na yi wannan tunanin in ina ƙetarowa.

Bari in ƙara ɗaya ga mai kwamfuta ko waya mai ƙarfi: Chants of Sennaar, na wasu Faransawa a Tuluz, 2023. Kana hawa wata doguwar hasumiya, kowane bene da mutanensa da harshensu da rubutunsu, ba mai jin na wani. Ba ƙamus. Wani ya nuna ƙofa ya faɗi wata alama, ka ga alamar a jikin wata ƙofar, ka rubuta zatonka a littafi, in ka dace da ƴan kalmomi a jere sai a tabbatar maka. Mutanen benen farko in suna son jam'i sai su maimaita kalma, na ce ai wannan mun san shi, iri-iri, kashi-kashi. Haka na koyi Zabarmanci da muka dawo Yamai ina ƴar shekara tara, ba wanda ya zaunar da ni, a wurin mai tumatir da wurin famfo na tsince shi. Mu da muke kwana cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Faransanci, an yi wasan nan kamar don mu.

Malamar Lissafi: To ga abin da ke raina tun ɗazu. Finlan, Suwidin, Japan, Niyu Zilan. A Afirka ta Kudu ma wasu matasa, Nyamakop, sun fitar da Semblance a 2018, inda kake lanƙwasa ƙasar da kake takawa. Mu fa? Ba kuɗi ne ya yi Baba Is You ba, tunani ɗaya ne mai kyau. Ƙanwata, ke da kike karatun kwamfuta, me zai hana?

Ɗalibar Harobanda: Malama, akwai ma kayan aiki kyauta, PuzzleScript, na Stephen Lavelle, tun 2013. A shafin intanet yake buɗewa, hotunan ɗigo biyar ne a biyar, dokar tura akwati layi ɗaya ce tak. Na taɓa yin ƙaramin Sokoban da shi cikin yamma ɗaya. Abin da ba ni da shi shi ne abin da zan sa a ciki wanda yake namu. Amma da Baba Alhaji yake bayanin dara sai na ga wani abu. Ba cikakkiyar dara da abokin hamayya ba, wannan aiki ne babba. A ɗauko tsakiyar wasa, a jera ƴaƴan, a ce: tsinke ne da tafiya, nemo yadda zai ci cikin motsi biyu, ko uku. Kowane zubi mataki guda. Sai dai ni ban iya dara ba, kallo kawai na taɓa yi, mata ba mu cika zama wurin ba.

Alhaji na Wadata: Ɗiyata, in don wanga ne, zubi na kaina ya fi hamsin. Akwai wanda wani tsoho ya ɗana mini a Tawa ina saurayi, sai da na kwana ukku ban gano ba, kuma bai hwaɗa mini ba har na gano da kaina. Allah ya jiƙanshi. Ban taɓa tunanin ana iya aje irin wanga abu ba, in tsoho ya tahi shina tahiya da nashi. Amma da sharaɗi biyu. Kada a sa talla. Kuma kada a sa maɓallin da ka nuna ma yaro amsa.

Autan Fada: Baba ko ɗan haske kaɗan? In mutum ya maƙale fa?

Alhaji na Wadata: Ya aje ya tai ya yi salla ya dawo.

Mai Gyaran Waya: Ina da tsofaffin wayoyi biyu a rumfa da masu su suka bar mini, ƙananan ƙwaƙwalwa gare su. In ya yi tafiya a kansu zai yi a kan ta kowa. Ku kawo in gwada.

Ɗalibar Harobanda: Baba, yaya za mu yi in samu zubin? In kana iya zanawa a ƙasa ka ɗauki hoto daga sama, tsinke da tsakuwa su fito sosai, sai ka faɗa mini da murya wa ke da tafiya.

Alhaji na Wadata: Gobe bayan la'asar in sha Allah. Akwai rairayi bayan shagona. Zan sa ƙaramin ɗana ya ɗauka, hannunshi ya fi nawa tsayawa. Guda ukku zan fara turowa, masu sauƙi, in ga ko Malama za ta gano na ukkun.

Malamar Lissafi: Na karɓa, Baba. In na gano zan zana shi a tablo ran Juma'a. Don Allah duk wanda ya riga ni kada ya rubuta amsar a nan.

Ɗan Tawa: Auta, ina Yamai har Lahadi. Ka same ni Katako wurin mai gyara da safe, ya duba maka wayar nan ya cire fasassun, ni kuma in nuna maka na gadoji daga ƙaramin allo. Bakwai a bakwai za mu fara.